Motar da aka sauke ƙasa tana fizga a kan gargada: daga ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da BMW ƙirar E36 wadda nake shiga filin wasan mota da ita a ranakun hutu, sauran ranaku kuma ita nake hawa zuwa aiki. Wata uku da suka wuce na sauya mata shokoba da sifirin, aka sauke ta ƙasa da kamar milimita 50, aka sa mata dogon boljoyin (ƙwallon da ke haɗa hannun ƙasa da ƙarfen da ke riƙe da taya) domin hannun ƙasa ya miƙe, sannan aka ƙara mata kasta. Tun daga lokacin, da zarar taya ɗaya ta hau tudu ko ta faɗa kwari sai motar ta fizga gefe alhali ban juya sitiyari ba, kuma idan na taka birki da ƙarfi sai gabanta ya riƙa yawo. Sau uku ina kai ta alaimen, kowane lokaci kwamfuta ta nuna komai kore ne. Abokai sun ce in sayi kayan gyaran bom-sitiya. Shin su ne maganin, ko akwai abin da ya lalace?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka daidai, tambayoyi biyu ka haɗa wuri ɗaya: me ya sa motar da na'urar alaimen ta wanke har sau uku take sauya hanya da kanta a duk lokacin da taya ta yi sama ko ƙasa, sannan ko kayan da abokanka suka ambata za su raba ka da wannan damuwa. Bisa abin da ka zayyana, zatona mai ƙarfi shi ne gyare-gyaren nan uku da aka yi wa motar su ne suka raba tafiyar tayarod (sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya) da tafiyar hannun ƙasa (ƙarfen da ke haɗa ƙasan taya da jikin mota), kuma biyu daga cikinsu sun tura kuskuren ta fuska ɗaya. Kayan da aka ce ka saya suna iya zama maganin, amma idan aka ɗaura su bisa kintace, suna iya ƙara wa Borno dawaki, domin su kayan saiti ne, kuma saiti ba ya yiwuwa sai da awo.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin mota

Bom-sitiya shi ne juyawar da taya ke yi, ko dai bakinta ya tsuke ciki ko ya buɗe waje, saboda kawai ta motsa sama ko ƙasa, ba tare da direba ya taɓa sitiyari ba. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce ka tuna akuyar da aka ɗaure a turke: duk inda ta nufa, da'ira take zagayawa, kuma tsawon igiyar da wurin da aka kafa turken su ne ke yanke girman da'irar. Nokul ɗin da ke riƙe da taya yana da igiyoyi irin wannan guda biyu a ƙasansa, wato hannun ƙasa da tayarod, kowanne da turkensa a jikin mota. Idan taya ta hau tudu, bakin kowannensu yana zana tasa da'irar. Matuƙar da'irorin biyu sun dace, taya za ta hau ta sauko tana kallon gaba. Idan kuwa ɗaya ta fi ɗaya lanƙwasa, ko ta faro daga wani tsayi dabam, to tayarod zai ja hannun nokul, wato reshen nokul da yake ɗaure a kai, ciki ko ya tura shi waje, kuma a wurin taya babu bambanci tsakanin wannan jan da wanda ya fito daga hannun direba.

Wannan ne ya sa kwamfutar alaimen ba ta yi maka ƙarya ba, kuma ba ta taimake ka ba. Tana auna motar ne a tsaye cik, a tsayi guda ɗaya, alhali cutar ba ta bayyana sai taya ta bar wannan tsayin.

Bari in sa lambobi domin ka ga ƙanƙantar kuskuren da ke jawo wannan. Lambobin misali ne na lissafi, amma sun yi kusa da girman kayan ƙananan motoci. A ce tsawon tayarod daga ƙwallo zuwa ƙwallo milimita 300 ne, hannun nokul da yake ja kuma milimita 130. Idan kan tayarod na waje ya kauce daga inda ya kamata ya zauna da milimita 5 kacal, sama ko ƙasa, to a lokacin da taya ta hau milimita 50 zai ja ko ya tura hannun nokul da kusan milimita 0.8. Wannan ya kai juyawar kusan digiri 0.37, wanda a kan rim mai inci 17 ya kusa milimita 3 tsakanin gabansa da bayansa. A gudun kilomita 120 a awa mota tana cin mita 33 a kowace daƙiƙa, saboda haka tayar da ta karkace da wannan ɗan digirin tana neman kauce wa layinta da kusan santimita 20 a daƙiƙa ɗaya. Kaurin washa biyu ke nan ya zama fizgar da kake ji.

A motoci masu hannu biyu, na sama da na ƙasa, ƙa'idar ita ce idan aka miƙa layin hannun sama da na hannun ƙasa zuwa cikin mota za su haɗu a wani ɗigo, kuma layin tayarod dole ya nufi wannan ɗigon, tsawonsa kuma ya dace da tazarar da ke tsakanin maɗauran hannuwan a tsayin da yake. Taka motar a gaba ba ta da hannun sama, shokoba ce ke yin aikinsa, tsarin da ake kira Makfasin, don haka layin sama ana zana shi ne daga maɗaurin shokoba na sama, a gicciye da tsayuwar shokobar. A aikace, tunda tayarod ɗin E36 yana ƙasa kusa da hannun ƙasa, abin da ake nema shi ne su biyun su riƙa tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa.

Gyare-gyarenka uku, ɗaya bayan ɗaya

Sauke mota shi kaɗai ba ya raba tayarod da hannun ƙasa, domin tare suke karkata, amma yana kai su wani yanki na da'irarsu inda ɗan bambancin tsawon da ke tsakaninsu yake yin tasiri sosai. Ɗauki tayarod mai milimita 300 da hannu mai milimita 350, dukansu a kwance. A milimita 50 na farko na hawan taya, bambancin janyewarsu milimita 0.6 ne. A milimita 50 na biyu, wanda shi ne yankin da motarka take aiki a ciki yanzu tunda saukewar ta cinye na farkon, bambancin ya kai kusan milimita 2, fiye da ninki uku. Masu ƙera mota sun tsara ta ne domin ta yi kyau a kewayen tsayin da suka ba ta.

Dogon boljoyin shi ne wanda na fi zargi. Manufarsa mai kyau ce, domin yana sauke bakin hannun ƙasa daga jikin nokul, hannun ya koma kusa da kwanciyarsa ta asali, motar ta rage kwantawa a kwana. Sai dai ya sauke igiya ɗaya ne ya bar ɗayar a inda take. Idan ƙarin tsawonsa milimita 15 ne, kan tayarod na waje ya zama yana sama da wurinsa da kusan wannan adadin, wato ninki uku na misalin da na bayar a baya. Duk wanda ya sayar maka da dogon boljoyin bai gaya maka yana tafiya da dogon kan tayarod ba, rabin kaya ya sayar maka.

Kasta kuma ita ce wadda mutane ba sa kawowa a rai. Ƙara kasta yana nufin kwantar da nokul baya, kuma a E36 rak ɗin sitiyari, wato sandar da ke tura tayarod hagu da dama, yana gaban tsakiyar taya ne, hannun nokul yana kallon gaba. Idan nokul ya kwanta baya, wannan hannun sai ya ɗaga sama. Ƙarin digiri 2 a kan hannu mai milimita 130 yana ɗaga kan tayarod da kusan milimita 4.5, kuma ta fuskar da dogon boljoyin ya riga ya tura kuskuren. A motar da rak ɗinta ke gaba, kan tayarod da ya yi sama da yawa yana sa taya ta tsuke ciki idan ta hau, ta buɗe waje idan ta sauka. A kwana, tayar waje tana hawa ta tsuke, ta ciki tana sauka ta buɗe, dukansu suna ƙara juyawa cikin kwanar fiye da yadda ka umarta, shi ya sa motar take zama mai zumuɗi da wuyar riƙewa. A birki kuma tayoyin biyu suna tsukewa tare suna jayayya, duk wadda ta fi samun riƙo a wannan daƙiƙar ita ce ke jan motar, kuma wannan shi ne yawon da ka ambata.

Ba a kanka farau ba. Masu tsohuwar Porsche 911 mai sanyaya inji da iska sun daɗe suna sa washa a ƙarƙashin rak idan sun sauke ta. Masu Ford Mustang na 1979 zuwa 1993 sun san cewa ɗaura mata nokul na ƙirar 1996 yana sauya tsayin hannun sitiyari ya kawo wannan matsala, shi ya sa suke neman na 1994 da 1995. Honda Civic ƙirar 2001, bayan an bar tsarin hannu biyu an koma Makfasin, an ɗora mata rak a sama tare da dogayen tayarod da ke kama jikin shokoba, kuma ta yi suna wajen rashin son a sauke ta da yawa.

Kafin awo, a kore masu kama da shi

Akwai abubuwan da ke kwaikwayon bom-sitiya, kuma duba su ba ya cin awa ɗaya. Kan tayarod ko boljoyin da ya yi wasa, bushin bayan hannun ƙasa da ya tsage, da faffaɗar taya ko rim da aka turo waje, waɗanda ke sa mota bin tsagin kwalta, duk suna kawo fizga. A E36 musamman a duba bushin dogon hannun baya, domin idan ya mutu tayar baya ce ke juyawa, direba kuma ya rantse daga gaba abin yake. Sannan a duba ko shokoba tana dukan robar ƙarshenta. Motar da aka sauke milimita 50 ba tare da gajeriyar shokoba ba sau da yawa a kan wannan robar take tafiya, kuma babu saitin tayarod da zai gyara haka.

Yadda nake aunawa

Da farko ana kammala duk wani saiti: tsayin mota, kasta, kamba (karkatar saman taya ciki ko waje), da tsukewar taya. Na koyi wannan da tsada. Na taɓa ɓata yini guda ina cire washa ina mayarwa har allurar agogon awo ta kwanta, bayan mako ɗaya mai motar ya je wani wuri aka ƙara masa kasta, ya dawo yana cewa aikina bai yi ba, kuma da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, domin ban gaya masa cewa taɓa kasta yana rushe awon ba.

Motar tana ƙasa a kan daɓe mai shafe, da nauyin direba a kujerarsa, sai a auna daga tsakiyar hob (inda ake ɗaura rim) zuwa bakin fenda a rubuta. Daga nan a ɗaga ta a ɗora a kan turaku masu ƙarfi, a cire taya, a cire sifirin a mayar da shokoba ita kaɗai, a kwance sandar sitabilaiza da ke haɗa ɓangaren hagu da na dama, a daidaita rak a tsakiyarsa sannan a kulle shi yadda ba zai motsa ko kaɗan ba. Makullin sitiyari na mota bai isa ba, yana da wasa. Sai a ɗaure shafaffen farantin ƙarfe ko na alminiyam a fuskar hob, a hana hob juyawa, a sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa a ɗaga har awon fenda ya koma abin da aka rubuta. Nan ne sifili. Agogon awo mai allura guda biyu suna taɓa farantin, ɗaya a gaba ɗaya a baya, a tazarar da aka sani, kuma abin da ake karantawa shi ne bambancin da ke tsakaninsu, domin idan allurorin biyu suka tafi tare, tayar ta matsa ne gaba ɗayanta, ba ta juya ba. Ina ɗagawa milimita 10 a kowane mataki har zuwa 50 ko inda shokoba ta ƙare, in dawo sifili in tabbatar allurorin sun koma inda suka faro, sannan in sauka haka nan. Idan ba su koma ba, akwai abin da ke wasa, kuma duk lambobin da aka rubuta na banza ne.

Wanda ba shi da agogon awo zai iya ɗaure ƙaramar tocilar leza a jikin hob tana haska gaba, ya riƙa yi wa ɗigon alama a kan kwali. Sai dai a yi hattara, taya tana matsawa ciki da waje yayin hawa, kuma wannan ma yana motsa ɗigon. Maganinsa a yi alama a wuri biyu, a mita 1 da kuma a mita 5, a ɗebe na kusa daga na nesa. A wannan tazarar ta mita 4, kowane milimita 7 na bambanci daidai yake da digiri 0.1.

Dole a auna ɓangarorin biyu. Wata mota da aka kawo mini, hagu ya yi kyau dama kuma ya lalace, muka duba muka ga zaren tayarod na dama ya fito fiye da na hagu da faɗin yatsa. Ashe ta taɓa dukan bakin kwata, a wani gareji aka yi ta murɗa ɓangare ɗaya har kwamfuta ta nuna kore, sannan aka zare sitiyari aka mayar da shi a miƙe domin kada mai ita ya lura. Rak ya bar tsakiya, igiyoyin biyu suka zama ba tsawo ɗaya ba. Wannan motar ba ta buƙaci sayen komai ba sai sabon tayarod ɗaya da saiti na gaskiya.

Karanta sakamako da gyara

Lambobin suna faɗin nau'in kuskuren da kansu. Idan taya ta tsuke a hawa ta buɗe a sauka, ko akasin haka, matsalar tsayi ce. Idan kuwa ta juya fuska ɗaya a hawa da sauka duka, matsalar tsawo ce. Ga motar da rak ɗinta ke gaban taya kamar taka: tsukewa a hawa da buɗewa a sauka na nufin a sauke kan tayarod na waje ko a ɗaga rak, buɗewa a hawa da tsukewa a sauka na nufin a ɗaga kan na waje ko a sauke rak, tsukewa a duka biyun na nufin tayarod ya yi gajere, buɗewa a duka biyun na nufin ya yi tsawo. Ga motar da rak ɗinta ke bayan taya, a juya duk wannan.

Kayan da abokanka suka ambata kan tayarod ne mai doguwar ƙusa da jerin washa, waɗanda ke ba ka damar sauke ƙwallon daga hannun nokul kaɗan-kaɗan. Matsalar tsayi kawai suke gyarawa, kuma ita nake sa ran za ka gani. Ina farawa da kauri daidai da ƙarin tsawon boljoyin, in maimaita saitin tsukewa domin kowace washa tana sauya shi, in sake awo, sannan in riƙa ƙari ko ragi da milimita 1 ko 2. Abin da nake nema a tayoyin gaba shi ne ɗan buɗewa kaɗan a hawa, ƙasa da digiri 0.1 a milimita 25 na farko, kuma iri ɗaya a hagu da dama. Ba na bin sifili ido rufe, domin masu ƙera motoci da gangan suke barin wannan ɗan buɗewar don mota ta natsu a kwana, kuma idan dole sai an yi kuskure, gara ya faɗa ɓangaren buɗewa. A tayar baya akasin haka ake so, ɗan tsukewa a hawa.

Matsalar tsawo ta fi wuya, domin murɗa zaren tayarod saitin tsukewa yake sauyawa, ba ya matsar da ƙwallon ciki. Gyaranta na buƙatar sauya faɗin rak ko matsar da maɗaurin ciki, kuma galibi tana fitowa ne a motocin da aka ɗora musu rak na wata ƙira, ko aka tsawaita hannun ƙasa domin ƙarin juyawar taya kamar yadda masu wasan zamiya ke yi. Wannan aikin mai ƙira ne, ba na yamma ɗaya ba.

Akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba. Duk washar da ka ƙara tana nisanta ƙwallon daga hannun nokul, tana ƙara wa ƙusar nauyin lanƙwasa, saboda haka ƙusa mai lambar ƙarfi 10.9 ko 12.9 da noti mai kulle kansa ba abin wasa ba ne, kuma idan jerin washa ya wuce abin da mai kayan ya ƙayyade, a tsaya. A tabbatar kan bai taɓa cikin rim ba a cikakkiyar juyawa, kuma ƙwallon bai ƙure ba a ƙarshen hawa da sauka. Yawancin irin waɗannan kayan ƙwallonsu tsirara yake babu robar rufi, an yi su ne domin motar fili da ake dubawa bayan kowace fita. A motar zuwa aiki, ƙurar hunturu da ruwan damina suna cinye su da wuri, don haka ka nemi mai rufi, ko ka riƙa girgiza taya kana dubawa a kowane canjin baƙin mai. Kuma kada ka yarda kowa ya gasa hannun nokul da wuta ya lanƙwasa shi, ko ya yanke ya yi masa walda a gefen titi. Na ga ana yi, kuma ranar da ya karye babu sauran sitiyari.

Daga nesa ba zan iya ce maka ga adadin washar da motarka ke buƙata ba, domin motoci biyu ƙira ɗaya da suka shekara kusan talatin a kan hanya ba sa ba da lamba ɗaya, kuma ko an yi saitin da ya fi kowanne kyau, motar da ta yi ƙasa sosai za ta ci gaba da nuna ɗan juyawar taya a ƙarshen hawanta. Da tawa ce, tunda da ita kake zuwa aiki, zan fara ɗaga ta da milimita 15 zuwa 20, in duba bushin gaba da na baya, in tsayar da kastar da nake so, sannan in yi awon. Idan ya nuna tsukewa a hawa, kamar yadda nake zato, zaɓi biyu ne: ka sayi dogon kan tayarod da zai dace da dogon boljoyin, ko ka cire dogon boljoyin ka mayar da na asali, wanda a wannan sabon tsayin wataƙila ba ka ma buƙatarsa. Ka rubuto mini lambobin hagu da dama na kowane mataki na milimita 10, tare da ƙarin tsawon boljoyin da digirin kastar da ke kan takardar alaimen ɗinka, sai mu lissafa kaurin da za ka fara da shi.